Zagayen ƙauyukan Andalus da mota a tsakiyar bazara

Tikitin shiga fadar Alhamra da ke birnin Garnaɗa muka fara saya, tun kafin na jirgi, kuma duk wanda zai zagaya kudancin Sifaniya a watan Yuli ko Agusta haka ya kamata ya yi. Tikitin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, da rana, da ƙarfen da za ka shiga fadojin sarakunan Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Andalus. In lokacin ya wuce ba ka isa ƙofa ba, shi ke nan, ba a ɗaga wa kowa ƙafa. A bazara yakan ƙare tun ana saura makonni, saboda haka ranar da ka samu ita ce turken da za ka ɗaure sauran kwanakin a jikinsa. Kuɗinsa wajen Yuro 20 ne, ko biza ba ta fito ba asarar mai sauƙi ce.

Mun samu na rana ta bakwai, ƙarfe 9 na safe, sai muka jera kwana 10 a kansa: sauka a Malaga, kwana 3 a Ronda, 2 a Kurɗuba, 2 a Garnaɗa, 2 a ƙauyukan tsaunin Alfujarra, a koma Malaga. Duk zagayen da 'yan ratse-ratse ya ɗan haura kilomita 800. A allon hanya Córdoba da Granada da Alpujarra za ka gani, sai ka riƙe rubutun nan kafin ka kama sitiyari.

Biza ta Shengen ce, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ta ɗan gajeren zama, kwana 90 cikin 180. Tun Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. Ana son inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, fasfo mai shafi biyu fanko wanda zai ƙara wata 3 bayan ranar fitowarka, takardun masauki na kowane dare, da bayanan banki da ke nuna kana da sama da Yuro 100 na kowace rana. Ana karɓar takardu tun ana saura wata 6. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kai 45, kuma neman ranar ganawa kansa aiki ne a watannin nan. Ka shigar a watan Maris ko Afrilu. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne jadawalin tafiya: a rubuta kwana 9 a takarda, masaukin da aka kama na kwana 6 ne, ko a nemi bizar wata ƙasa alhali mafi yawan kwanakin a Sifaniya za a yi. Ƙasar da za ka fi daɗewa ita ake nema wa.

Bazararsu tana faɗowa lokacin daminarmu, kuma zafinta a kwarin kogin Guadalquivir busasshe ne, irin na Sakkwato a watan Afrilu. A garin La Rambla na lardin Kurɗuba aka auna digiri 47.6 ranar 14 ga Agusta 2021. Bahaushe ya san zafi, amma agogon can yana yaudara. Ya yi gaba da rana da fiye da awa biyu, rana ba ta take tsaka sai wajen ƙarfe 2 da minti 20, zafi kuwa yana kai ƙololuwarsa tsakanin 4 da 6 na yamma, lokacin da a gida ake cewa rana ta yi sanyi. Magariba tana kai 9 da rabi, isha'i ta haura 11. Wanda ya fito yawo ƙarfe 4 da lissafin gida zai tarar da tituna fayau, kantuna a rufe, bango yana huci. Mun raba yini uku: tafiyar ƙafa daga 8 zuwa 1, tuƙi ko barci daga 2 zuwa 6 da rabi, sannan a sake fita har dare. Kowa da lita 3 ta ruwa, da malafa, da takalmi mai riƙe ƙasa, domin duwatsun daɓen lungunan sun sha sawu har sun yi santsi.

Mota a filin jirgin Malaga muka karɓa. Ana buƙatar lasisin gida haɗe da na ƙasa da ƙasa, da katin banki na bashi da sunan direba, inda za su riƙe kuɗin jingina har a mayar da mota. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai son wadda ke sauya giya da kanta sai ya kama tun da wuri ya ƙara kuɗi. Ɗauki ƙarama. Babbar mota tana burge ido a filin jirgi, a lungun Setenil kuwa madubanta za ta bari. Kafin ka motsa, zagaya ta da waya ka ɗauki hoton kowane ƙarzane, da ƙafafu huɗu, da gilashi, da allurar mai, ka sa a rubuta abin da ba ya cikin takarda. Zaɓi tsarin karɓa da cikakken tanki a mayar da cikakke. A gidan mai, gasolina 95 shi ne fetur, gasóleo kuwa man dizal ne. Sunayen sun yi kama, kuma zuba ɗaya a madadin ɗaya ɓarna ce da inshorar haya ba ta cika biya ba. Lita 50 zuwa 55 ta ishi ƙaramar mota duk zagayen.

Hannun dama ake bi kamar gida. Gudu 120 a babbar hanya, 90 a hanyar karkara, cikin gari 50, inda layi ɗaya ne kowane hannu 30. A shatale-tale na ciki ke da hanya, kuma daga layin waje ake fita. Zanen gefen titi yana magana: shuɗi fakin na kuɗi, rawaya an hana, fari kyauta. Kada a bar ko jakar hannu a kan kujera.

Daga Malaga zuwa Ronda kusan kilomita 100 ne ta hanyar A-357 da A-367, awa ɗaya da rabi. Akwai ta bakin teku, A-397 daga San Pedro, mai kyan kallo amma kwana kan kwana, bai dace da wanda ya kwana a jirgi ba. A Ronda mun ajiye mota a fakin na ƙarƙashin ƙasa, muka shiga da ƙafa, kuma haka muka yi a kowane tsohon gari. Taswirar waya ba ta san faɗin mota ba. Za ta tura ka lungun da aka yi wa alfadari, ka je tsakiya hanya ta tsuke, sai komawa da baya a kan gangara, kuloci yana ƙauri.

Kwazazzabo ne ya tsaga Ronda biyu, kogin Guadalevín yana gudu a ƙasa. Gadar da ta haɗa su an gama ta a 1793, tsayinta kusan mita 98. Daga samanta ba ka ganin girmanta, sai ka gangara ta hanyar ƙafa da ke yamma da tsohuwar unguwa, kuma da yamma liƙis rana ke haska fuskarta. Abin da ya fi tsaya mini a rai gidan wankan Larabawa ne da ke ƙasan gari, na ƙarni na 13 zuwa 14: ɗakin sanyi, na ɗumi, na zafi, rufin baka mai huji-huji siffar taurari inda haske ke zubowa, da gurbin da dabba ke juya na'urar ɗebo ruwa daga rafi. A gefen kwazazzabon kuma akwai matakala wajen 200 da aka sassaƙa cikin dutse har bakin kogi, don a sami ruwa in an yi wa gari ƙawanya. A jiƙe take, hawa ya fi sauka wuya, mai ciwon gwiwa ya haƙura. Garin ya fita hannun Musulmi a 1485.

Kwana biyun da suka biyo na fararen ƙauyuka ne. Farin na farar ƙasa ne da ake shafa wa bango, yana mayar da rana, ɗaki ya yi sanyi. Setenil de las Bodegas bai kai kilomita 20 daga Ronda ba; gidajensa a ƙarƙashin leɓen dutse suke, dutsen ne rufi, gaba kawai aka gina. Titi biyu ke fuskantar juna a bakin rafi, ɗaya ana ce masa kogunan rana, ɗaya kogunan inuwa. Ka isa kafin 10, domin daga 11 manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suke sauke mutane. Zahara de la Sierra tana manne a jikin tsauni, hasumiyarta a ƙoli, madatsar ruwa shuɗiya a ƙasa. Kame ta da dakarun Garnaɗa suka yi a 1481 shi ya buɗe yaƙin ƙarshe da ya ƙare a 1492. Garuruwan yankin da dama suna da "de la Frontera" a ƙarshen suna, wato na kan iyaka, iyakar da ta raba daular Musulmi ta Garnaɗa da masarautar Kiristoci ta Kastila sama da shekara 200.

Hanyar Zahara zuwa Grazalema ta mashigar Las Palomas ita ce jarrabawar direba. Siririya ce, kwanoninta kamar ƙugiya. A hawa giya ta biyu, a sauka ma ta biyu, injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama zai ji ƙauri, sannan birkin ya yi laushi, domin ya ɗau zafi fiye da kima. In haka ta faru a tsaya a wuri mai faɗi a bar shi ya huce, kada a zuba masa ruwa. Inda hanya ba ta ɗaukar mota biyu a kan gangara mai tsanani, mai hawa ke da hanya. Masu keke suna da yawa, doka ta ce a bar musu mita ɗaya da rabi. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Oktoba an hana kunna wuta a daji, har ta gashi, kuma ana taƙaita shiga wasu hanyoyin ƙafa na dajin Grazalema saboda gobara. Lambar gaggawa 112. A dazuzzukan nan za ka ga itatuwa an saɓule musu ɓawo daga gindi zuwa ƙirji, jikin ja kamar an yanka rago an feɗe. Ɓawon da ake yin murfin kwalba ne, a bazara ake ɓare shi, sau ɗaya duk shekara 9.

Abinci yana son sa ido. Na rana daga 2 zuwa 4, na dare ba ya fara fita sai 8 da rabi ko 9, kantunan ƙauye a rufe suke ranar Lahadi. Alade yana ko'ina, har inda ba ka zata ba, saboda haka ka haddace kalmomin nan: cerdo, jamón, chorizo, morcilla, tocino, lomo, da manteca wato kitsensa, wanda ake sa wa wasu kayan fulawa. Salmorejo, miyar tumatir mai kauri mai sanyi ta Kurɗuba, ba nama a cikinta, amma ana barbaɗa mata jamón a kai. Sai ka ce "sin jamón" tun wajen oda. Naman wutsiyar sa da ake yabo da giya ake dafa shi. Waɗanda muka dogara da su: gazpacho wato miyar tumatir mai sanyi da ake sha, wainar ƙwai da dankali, soyayyen kifi, soyayyen yalo da zuma, alayyafo da wake, da burodin safe da man zaitun da tumatir. Miya da romo kuwa a tambaya, sau da yawa da ƙashin jamón ake tafasa su. Naman halal yana samuwa a Malaga da Kurɗuba da Garnaɗa, a ƙauye da wuya. Famfon dandali ruwansa na sha ne sai inda aka rubuta "agua no potable".

Ronda zuwa Kurɗuba awa biyu da ɗan wani abu ne, cikin gonakin alkama da aka riga aka girbe da layukan zaitun har ƙarshen gani. Wannan tuƙin da tsakar rana muka yi shi, na'urar sanyaya mota tana aiki. Masauki a Kurɗuba dole ya kasance da na'urar sanyaya ɗaki, a tabbatar a rubuce.

Babban masallacin Kurɗuba, Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara shi wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗawa. Ginshiƙai sama da 850, baka a kan baka, ja da fari. Mihrabin Alhakam na Biyu yana ƙyalli da 'yan duwatsun zinariya da ayoyi. Tun 1236 ginin coci ne, a 1523 aka fara gina wani babban ɗakin ibada a tsakiyarsa, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Masu gadi za su tsayar da kai. Abin yana sosa zuciya, gara ka sani tun daga waje. Akwai ƙaramin masallaci a lambun Colón inda ake jam'i. Kada kuma ka ɗauki alƙibla daga wannan mihrabi, ya karkata kudu sosai. Alƙiblar Andalus gabas ce da ɗan karkata kudu kaɗan, saɓanin ta gida da ke karkata arewa. Da safe daga 8 da rabi zuwa 9 da rabi, Litinin zuwa Asabar, akan bar ɗaiɗaikun mutane su shiga kyauta, kuma lokacin ne ba hayaniya. Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san garin nan tun kafin ya zo: nan aka haifi Imam Ƙurɗubi mai tafsiri, nan aka haifi Ibn Rushdi a 1126, kuma mazhabar Malikiyya suke bi kamar mu. Shugaban ƙaramar hukuma har yau alcalde ake ce masa, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da alƙalinmu.

Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya fara a 936, tana kilomita 8 yamma da gari. A gidan tarihi ake ajiye mota, bas ya hau da kai kufan. Ba a buɗewa ranar Litinin, a tsakiyar bazara ziyarar rana takan ƙare ƙarfe 3, inuwa kuma ba ta da yawa. A je da buɗewa.

Zuwa Garnaɗa mun bar babbar hanya muka bi N-432, kilomita 165 ko kusa, ta Baena mai man zaitun, da ratse zuwa Zuheros, da ganuwar La Mota a Alcalá la Real. Tsakiyar Garnaɗa cike take da titunan bas da tasi kaɗai, kyamarori suna ɗaukar lamba, tara ta biyo ka gida ta hannun masu haya da nasu ladan a kai. Ka tambayi masauki ainihin hanyar shiga, in yana cikin wurin da aka killace su shigar da lambar motarka. Unguwar Albaicín ba wurin mota ba ce sam. Ƙananan jajayen bas na C30 suna kai mutum Alhamra daga tsakiyar gari.

Daga babbar ƙofa zuwa fadojin Banu Nasr tafiyar minti 15 zuwa 20 ce, sannan ga layi. Mai tikitin 9 ya kasance a ƙofa 8 da rabi, fasfo na asali a hannu, babbar jaka a ma'ajiya. A ciki, duk inda ka juya bango yana cewa "Wa la galiba illallah", taken gidan sarautar, an sassaƙa shi sau ba adadi cikin farar ƙasa. Tsakar gidan zakuna na Muhammad na Biyar ne: zakuna 12 ɗauke da kwarya ta marmara, ginshiƙai 124, ruwa yana tafiya ta kwata huɗu zuwa ɗakuna. Fadoji da farko, ganuwa ta biyu, lambun Generalife a ƙarshe saboda inuwarsa. Awa 3 zuwa 4 gaba ɗaya. Ranar 2 ga Janairu 1492 sarki Muhammad na Goma Sha Biyu ya miƙa makullan. Da yamma mun hau Albaicín muka yi magariba a masallacin da aka buɗe a 2003, wanda lambunsa ke kallon Alhamra ido da ido, kuma babu cinkoson dandalin San Nicolás da ke maƙwabtaka da shi. Ɗan garin nan ne Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya bi Mansa Musa Mali bayan hajjin 1324.

Alfujarra tana bayan tsaunin Sierra Nevada ta kudu, kilomita 75 daga Garnaɗa, awa ɗaya da rabi ta Lanjarón da Órgiva. A cika tanki a Órgiva, a ciri kuɗi a can. Ƙauyuka uku ke jere a kwarin Poqueira, Pampaneira a ƙasa, Bubión a tsakiya, Capileira a sama, mita 1,436 daga teku. A nan dare yana son mayafi ko a Yuli. Nan Musulmin da aka tilasta wa Kiristanci suka yi tawaye daga 1568 zuwa 1571, bayan an murƙushe su aka kwashe su aka kawo baƙi daga wasu sassan ƙasar, amma gini da noman rani suka tsaya yadda suke.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa zai tsaya ya kalli rufin nan. Shimfiɗaɗɗe ne kamar soro. Ana gitta manyan itatuwan chestnut ɗin tsaunin a matsayin azara, a jera ƙanana a kai, a shimfiɗa falalen dutse, sannan a daɓe da wata toka-tokar laka da suke kira launa, wadda ke toshe kanta in ta sha ruwa. Kamar namu, sai an riƙa yi mata yaɓe, kuma ba a taka rufin mutane ko da ya yi daidai da titin da ke sama da shi, domin sawu yana fasa daɓen. Wani wurin ɗaki ne ya haye kan lungu ya zama rumfa, ka bi ta ƙarƙashi.

Ruwan kuwa ƙanƙarar tsaunin Mulhacén ce, mai tsayin mita 3,479, ke narkewa. Ana tare shi a sama a kora cikin magudanan ƙasa da dutse da ake kira acequia, daga Larabcin saƙiya, suna bin kafaɗar tsauni kilomita da yawa da gangara kaɗan-kaɗan. Kowace gona da ranarta da awarta, a ɗaga falalen dutse ruwa ya shiga, lokaci ya cika a mayar. Wasu magudanan da gangan ake sakin ruwansu a tudu ya nutse, ya ɓullo a idanun ruwa na ƙasa bayan makonni, lokacin da rani ya tsananta. Hanyoyin ƙafa da yawa gefen magudanan suke bi. In ka ga dutse a bakin kwata kada ka taɓa, rabon wani ne. Mun sauka da ƙafa daga Capileira zuwa Pampaneira da sassafe, ƙasa da awa biyu, muka hau bas muka koma sama, bayan mun duba jadawalinsa tun daren jiya domin ba ya yawan wucewa.

Ranar ƙarshe daga Capileira zuwa filin jirgin Malaga awa biyu ce ta bakin teku, amma a ƙara ɗaya, domin cinkoson masu zuwa wanka a teku a ƙarshen mako, musamman kusa da hutun 15 ga Agusta. A cika tanki a gidan mai na kusa da filin jirgi a riƙe rasit, a sake ɗaukar hoton motar ta kowane ɓangare, a karɓi takardar da ke nuna an mayar da ita lafiya kafin a miƙa makulli. Kuɗin jingina yakan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi.